Firizim ɗin da ake mannawa a tabarau: abin da ya gyara wa ƙanena da abin da bai taɓa ba

Duk mai majinyacin da ke ganin abu biyu-biyu bayan buguwar kai, ya tambayi likitan ido zancen firizim na Fresnel, wato wata 'yar leda mai karkatar da haske da ake mannawa a gilashin tabarau. Na saya wa ƙanena, ya yi aiki, kuma da za a koma baya zan sake saya. Amma abin yana da iyaka, kuma iyakar ce ta fi damuna, domin mutum zai iya sa shi, ganinsa ya daidaita, ya ɗauka ya warke alhali da saura.

Ƙanena tela ne a cikin birnin Kano. Ya faɗi da mashin ɗinsa, babu hular kwano, kansa ya bugu da gefen kwalta, ya suma. Da ya farfaɗo aka yi hoton CT, ba a ga jini ya taru ba, ƙashi bai fashe ba, muka yi hamdala. Sai da ya dawo gida ya fara cewa komai biyu yake gani, ɗaya bisa ɗaya, na ƙasan kuma a ɗan karkace. In ya kalli nesa abin da sauƙi, in ya sunkuya zai ci abinci ko zai sauka daga matakala sai ya ƙaru. Ya koma yana tafiya da kai a langaɓe wajen kafaɗar hagu. Hajiyarmu ta ce wuyansa ne ya gurɗe, ta sa ana shafa masa man zafi safe da yamma. Wuyan lafiyarsa lau. Jikinsa ne ya gano da kansa cewa in ya karkata kai haka, hotunan biyu suna matsowa kusa da juna.

Hoton MRI ne ya nuna inda matsalar take: ɗan rauni a bayan ƙwaƙwalwar tsakiya, ta ɓangaren hagu. Ni malamar kimiyya ce a sakandare, na sha zana wa ɗalibai ƙwaƙwalwa a allo, kuma wannan yanki kusan kullum layi ɗaya ake ba shi a littafin aji. Tsawonsa bai wuce santimita biyu ba, yana can ciki, a saman sandar da ta haɗa ƙwaƙwalwa da lakar gadon baya. CT bai cika nuna shi da kyau ba saboda ƙashin da ke kewaye da wurin. Amma a wannan ɗan wuri jijiyoyi biyu daga cikin uku masu juya ƙwayar ido suke tasowa, wato ta uku da ta huɗu a jerin jijiyoyi 12 da ke fitowa kai tsaye daga ƙwaƙwalwa. Ta huɗun ce ta ƙanena. Ita ce mafi siranta a cikinsu, ita kaɗai ke fita ta baya, kuma tana tsallakawa ɗaya ɓangaren kafin ta fita. Shi ya sa rauni a hagu ya bayyana a idon dama. Tsoka guda take sarrafawa, wadda ke saukar da ido ƙasa in yana kallon wajen hanci, tana kuma ɗan murɗa shi ciki. Da tsokar ta yi rauni sai idonsa na dama ya ɗan ɗaga sama fiye da na hagu. Da ido ba za ka lura ba. Shi kuwa allura biyu yake gani a ƙarƙashin ƙafar keke.

Ga tela wannan ba ƙaramin abu ba ne. Aikinsa duka ƙasa yake kallo: zare, alli, tef, bakin almakashi. Ya gwada rufe idon dama da bandeji, biyun ta ɓace, amma da ido ɗaya ba ya iya auna zurfi, sai ya riƙa kuskure kafar allura. Ya bar shago a hannun yaransa ya zauna a gida, kuma zaman ya fi ciwon cin ransa.

Likitar da ta duba shi ta ɗauki lokaci sosai, wannan kam sai godiya. Ta riƙa rufe ido ɗaya tana buɗe ɗaya, tana kallon yadda ƙwayar ke motsi, sannan ta ɗauko wata sanda mai jerin firizim daga ƙarami zuwa babba, tana ɗorawa a gaban idon har motsin ya tsaya. Ta auna yana kallon gaba, ta auna yana kallon ƙasa, ta auna da kai a karkace dama da hagu. Ma'aunin sunansa dayofta: dayofta ɗaya shi ne firizim ya karkatar da haske santimita ɗaya a nisan mita ɗaya. Nasa ya kai takwas in yana kallon gaba, ya haura haka in ya kalli ƙasa. Ta rubuta masa shida, ta ce idon zai cike sauran da kansa, kuma ƙaramin firizim ya fi babba tsabtar gani.

Shi kansa abin, in ka gan shi a ambulan ɗinsa, ba za ka ce ya kai kuɗinsa ba. Wata 'yar leda ce mai laushi, garai-garai, kaurinta kusan milimita ɗaya. Fuska ɗaya sumul, ɗaya kuma cike da siraran layuka a jere, kowane layi ɗan ƙaramin firizim ne. Dabarar ta samo asali daga Augustin Fresnel, masanin haske ɗan Faransa, wanda a farkon shekarun 1820 ya ƙera wa hasumiyoyin fitila na bakin teku gilashi marar kauri ta hanyar yanka babban gilashi mai nauyi zuwa ƙananan zobba. A farkon shekarun 1970 likitocin ido a Amurka suka mayar da dabarar leda da ake mannawa. Ana samunsa daga dayofta ɗaya har zuwa 40. Mai haɗa tabarau ya ɗora gilashin idon dama a kai, ya zana, ya yanka da ƙaramin almakashi ɗan ƙasa da girman gilashin don kada gefe ya taɓa firam, ya jiƙa duka biyun da ruwa, ya manna sumul ɗin a cikin gilashin, ya matse kumfar iska da yatsa. Babu gam. Ruwa ne kawai, in ya bushe ya kama. Ƙanena da ke tsaye yana kallon yankan, abin da ya fara cewa shi ne almakashin ya dakushe.

Da ya sa, ya kalli allon bango, ya kalli hannunsa, ya miƙe wuyansa a hankali. Ya ce, "Yaya, ɗaya ne." Kafin mako ya zagayo ya koma shago, ya fara da kalmasa da ɗinkin da ba ya buƙatar ƙwaƙƙwafi, daga baya ya koma yanka shadda.

Yanzu ga aibubbansa, kuma suna da yawa.

Yana dusashe gani. Idon da ke bayan firizim ba ya gani tar kamar ɗan'uwansa, launi yana ɗan kodewa, kuma yadda lambar ke ƙaruwa haka dusashewar ke ƙaruwa. A shida abin da dama-dama. Likitar ta ce daga goma zuwa sama mutane da yawa ke fara ƙorafi. Da dare fitilun motoci suna yi masa jela mai launi-launi. Zaren baƙi a kan yadi baƙi har yanzu sai ya matso da fitila.

Yana tara ƙura. Wanda ya ƙirƙiro shi bai san hunturun Kano ba, bai kuma san shagon tela da burbuɗin auduga ke yawo a iska ba. Ƙura na shiga cikin layukan ta zauna, in ka goge da gefen riga sai ka ƙara tura ta ciki, ko ka ɗago gefen ledar. Abin da ya yi mana aiki shi ne a riƙe tabarau ƙarƙashin ruwa mai zuba a hankali, a bi layukan da burushi mai laushi, a dangwala da ƙyalle mai tsabta, ba gogewa ba. In ya ɓamɓare ana iya mayar da shi, amma dole ya koma daidai yadda yake. Nasa ɓangaren mai kauri ƙasa yake kallo. Ranar da wani yaron shago ya tsince shi a ƙasa ya manna masa a kife, tazarar hotunan biyu ta ƙaru maimakon ta ragu, kansa ya yi ta ciwo har aka gano. Tun daga nan mai haɗa tabarau ya yi ɗan ɗigo da alƙalami a gefen ƙasa. Da zafi da gumi kuma yana yin rawaya-rawaya bayan 'yan watanni, sai an sake.

Babban aibinsa a irin wannan ciwo shi ne ƙarfinsa guda ne, alhali karkatar idon tana canzawa da inda mutum ya kalla. Abin da ya daidaita gaba da ɗan ƙasa bai isa ba in ya kalli can ƙasa ta hagu, nan biyun na dawowa. Ya koyi juya kai maimakon ido. Kuma firizim yana matsar da hoto sama ko ƙasa, dama ko hagu, amma ba ya iya miƙe hoton da ya murɗe. Ƙanena ya yi sa'a murɗewarsa kaɗan ce, ƙwaƙwalwarsa ta haɗiye ta. Wanda tasa ta yi yawa, musamman in jijiyar ta huɗu ta taɓu a idanu biyu, firizim ba zai wadatar da shi ba.

Samunsa ma aiki ne. Shagunan tabarau da na bi a kasuwa galibi ba su taɓa jin sunansa ba, wani ma ya so ya sayar mini da tabarau na karatu a madadinsa. A asibitin da aka duba shi babu lambar da aka rubuta, sai da aka yi odarsa daga Legas, muka jira. Daga waje ake shigo da shi, farashinsa na bin dala, kuma 'yar ledar nan ta fi firam ɗin da gilashinsa tsada. Takardar bayanin da ke ciki da Turanci take, da ƙananan haruffa, ga mutumin da matsalarsa ita ce gani. Wanda ke nema ya fara tambaya a manyan asibitocin ido, irin su Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna, ko Asibitin Ido na ECWA a Kano, ko sashen ido na asibitocin koyarwa, domin can ne ake da masu auna karkatar ido.

Duk waɗannan da sauƙi. Abin da ya sa na zauna na rubuta wannan shi ne abin da muka lura da shi bayan biyun ta tafi.

Ƙofar shagonsa tana damansa. Mutum zai shigo ya tsaya, ƙanena yana hira da yaransa ga keke na ƙara, ba zai waiwaya ba sai an yi sallama. A gida 'yarsa ƙarama za ta rugo ta damansa, sai ta rungume ƙafarsa zai zabura. In ta hagu ta zo, tun daga nesa ya juya. A bakin titi na ga adaidaita sahu ta kusa goge shi, ya ja baya bayan ta riga ta wuce. In ka ce masa me ke damanka, zai duba ya faɗa maka daidai, har lambar mota zai karanta. Allon haruffa na asibiti yana karanta shi har layin ƙasa. An sa shi a na'urar da ake leƙawa a ɗaki mai duhu, ana danna maɓalli duk lokacin da ɗigon haske ya ƙyafta a gefe, sakamakon ya fito kusan lafiya lau. Idon na gani. Abin da ya ragu shi ne abu ya fizgi hankalinsa ba tare da ya neme shi ba.

Likitar ta nuna mini a hoton MRI. A bayan ƙwaƙwalwar tsakiya akwai ƙananan tuddai huɗu. Biyun ƙasa na ji ne, biyun sama na gani, su ake kira kolikulus na sama. Saƙon da ke fitowa daga ido ba hanya ɗaya yake bi ba. Mafi yawansa yana tafiya can ƙeya, inda ake gane fuska da launi da rubutu. Wani kaso, kimanin ɗaya cikin goma na zaren jijiyar a birai, yana ratsewa zuwa wannan tudu. A cikinsa akwai taswirar duk abin da ke gaban mutum, tudun hagu na riƙe da dama, na dama na riƙe da hagu, kuma ji da taɓi ma suna shigowa cikin taswirar. Aikinsa irin na yaron shago ne da ke zaune a bakin ƙofa: ba ya yanka, ba ya ɗinki, amma shi ke taɓa maigida ya ce ga mutum. Raunin ƙanena ya shafi tudun hagu.

Na koma na karanta, kuma abin da aka gano a dabbobi ya yi daidai da abin da nake gani a gida. A 1965 James Sprague da Thomas Meikle suka lalata tudun ɓangare ɗaya a kyanwoyi, kyanwoyin suka daina kula abin da ke zuwa ta ɗaya gefen duk da idanunsu lafiya. A 1969 Gerald Schneider ya nuna haka a wani ɗan ɓera da ake kira hamsta: wanda aka cire wa tudun yana iya bambance zane da zane, amma ba ya juyawa wajen abincin da aka miƙo masa; wanda aka cire wa sashen gani na ƙeya kuwa yana juyawa, amma ba ya bambance zanen. Daga ɗaya gefen, Lawrence Weiskrantz na Jami'ar Oxford ya bayyana a 1974 mutumin da sashen ganinsa na ƙeya ya lalace, yana cewa ba ya ganin komai a wani yanki, amma in an ce ya nuna inda haske ya ƙyafta sai ya nuna daidai fiye da abin da canki zai ba da. Hanyar da ke bi ta ƙwaƙwalwar tsakiya na cikin abin da masana ke danganta hakan da shi.

Binciken da ya fi buɗe mini ido shi ne na Lee Lovejoy da Richard Krauzlis a 2010. Sun kashe aikin tudun na ɗan lokaci a birai da allurar magani, sannan suka ba su aikin lura da motsi a wani gefe na allo. In alamar ita kaɗai ce a allon, birin yana kama ta. In aka sa wata alama mai ɗauke hankali a gefen da ke lafiya, sai ya yi watsi da ta gefen da aka taɓa ya bi ɗayar. Wannan ya bayyana mini dalilin da ya sa ƙanena ya ci gwajin ɗaki mai duhu. A can babu abin da ke gasa da ɗigon hasken, kuma an riga an ce masa ya jira shi. Titin Kano ba haka yake ba. Mai lafiya yana kai idonsa kan abin da ya ɓullo a gefe cikin kusan kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa. Abin hawa da ke gudun kilomita 40 a awa yana cin mita 11 a daƙiƙa guda. Jinkirin rabin daƙiƙa ya haura mita biyar.

Firizim ba shi da hannu a wannan ko kaɗan. Haske yake karkatarwa kafin ya shiga ido, ba ya isa inda ake yanke shawarar me za a kalla. Ina ma jin dusashewar da yake yi wa idon dama ba ta taimaka ba, shi ya sa yanzu yake da tabarau biyu, kuma likita ce ta tsara masa lokacin da zai sa kowanne.

A kan wannan muka yi sa-in-sa da shi. Ya sa an gyara mashin, ya ce, "Yaya, ai yanzu garau nake gani, ke ma kin ga na karanta allon." Na ce, "Ban ce ba ka gani ba. Wa ya fara ganin adaidaitar nan, ni ko kai?" Ya yi shiru, amma bai yarda ba sai da likitar ta gwada shi a gabana. Ta sa ya kafe ido a hancinta, ta buɗe hannuwa biyu a gefe. In ta motsa yatsan dama kaɗai yana faɗa. In ta motsa biyun tare, sau da yawa na hagu kawai yake ambata, ko ya ambaci na dama a makare. Gwaji ne da ba ya cin ko kwabo, kuma ina roƙon duk mai jinyar wanda ya bugu a kai ya nemi a yi masa shi, kada a tsaya ga allon haruffa. Ta ce masa, "Malam, keken ɗinki na yarda, mashin ban yarda ba tukuna."

Mun juya teburinsa, ƙofa ta koma hagunsa. An koya masa ya riƙa kai kallo dama da gangan, a tsare, kafin ya tsallaka titi da kuma lokaci-lokaci in yana tafiya, tunda abin da ba ya zuwa da kansa ana iya nemo shi da niyya. Yaran gida sun san su yi magana kafin su iso ta damansa. Yana samun sauƙi, waiwayen ya fi da sauri, amma in ya gaji ko wuri ya cika da hayaniya sai jinkirin ya dawo.

Kada kowa ya sayi wannan leda ba tare da an auna shi ba, lamba da alƙiblar da ba daidai ba ƙara ciwo suke yi. In mutum ya rufe ido ɗaya bai daina ganin biyu ba, matsalar a cikin idon take, firizim ba zai yi mata komai ba. In kuma ganin biyu ya zo farat ɗaya, da faɗuwar fatar ido, da baƙin ido ya buɗe ya ƙi tsukewa, da ciwon kai mai tsanani, ko da mutuwar hannu ko ƙafa, wannan ba zancen tabarau ba ne, asibiti za a nufa a take, domin yana iya zama kumburin jijiyar jini a cikin kai ko shanyewar ɓarin jiki.

Amfanin da ya fi kowanne a wannan firizim shi ne ana cire shi. Irin wannan jijiya tana iya farfaɗowa a hankali, shi ya sa likitoci ke jira wata shida zuwa shekara kafin su yanke shawarar dindindin, kuma a tsawon wannan lokaci lambar na canzawa. Da an sassaƙa firizim ɗin a cikin gilashi tun farko, da kowane canji sai sabon gilashi. A awon da ya gabata nasa ya sauka, aka ɓare shida aka manna huɗu. In ya tsaya a wuri ɗaya awo biyu ko uku a jere, za a sassaƙa shi a gilashin dindindin wanda ba ya dusashe gani, in kuma kallon ƙasa ya ci gaba da ba shi wahala za a duba yiwuwar aikin tsokar ido. Maganar mashin an ɗage ta sai an maimaita gwajin yatsu biyu a zuwa na gaba.